Jirgin Wata a Ƙunshin Ƙuli-ƙuli

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidan da kika sauka. Allah Ya tsare mini ke a hanyar makaranta, zuwa da dawowa, a kan mashin da cikin keke. Ya haɗa ki da ƙawaye na gari, Ya raba ki da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Amin.

Na san za ki yi mamaki. Zurmi da Ƙaura ba wata tafiya ba ce, ga kuma waya a hannun kowa, to me ya kawo takarda? Ai kin san halina. In na kira ki, daga "kin ci abinci?" sai "ya zafi?" sai in miƙa wa babanki wayar in koma madafa, alhali babu abin da na ɗora a kan wuta. Muryata guduwa take yi in na zo faɗin abin da ke raina. Biro kuwa ba ya jin kunyar kowa.

Ke ce ɗiyata ta fari. Tun ranar da aka raɗa miki suna, bakina bai taɓa furta shi ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ko in ƙwanƙwasa murfin tukunya ki waiwayo. Ke ma Anti kike ce mini, yadda kika ji ƙannen babanki na faɗi. Haka muka tarar, kuma ba zan zagi al'adar iyayenmu ba, alkunya tana da kyanta. Amma safiyar da za ki tafi, bayan an ɗaure akwatinki a bayan mashin, kin koma ɗaki kin fito rungume da littattafan da kike rubuta labaranki a ciki. Kika zuba su cikin kwandon da nake tara takardun ƙunsa ƙuli-ƙuli, kika ce, "Anti, ga ƙari." Kina murmushi kika faɗa. Ni kuwa na ce, "To, Allah kiyaye hanya." Ke nan abin da na iya.

Sati biyu ke nan ban taɓa kwandon nan ba sai don in share ƙura. Na fahimci abin da kike nufi: kin ajiye rubutu. Saboda shi nake wannan takarda. Ba zan ba ki labarin gida ba, kowa lafiya, akuya ma lafiya. Kurakuraina zan zazzage miki, ki tsince abin da zai amfane ki.

Na farko ya girme ki. Lokacin ina 'yar shekara goma sha biyar a gidanmu na Shinkafi, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. A bayan rumbu nake laɓewa da hantsi, an aike ni ɗebo hatsi, sai a ji shiru. Na ƙona tuwo ya fi a ƙirga. Innata takan ce, "Wagga ɗiya jikinta kaɗai ag gida." Ba na magana da kowa, in baƙo ya yi sallama sai in shige ƙarƙashin gado, amma a cikin kaina kullum biki ake yi.

Wata rana rediyon babana ta lalace, tana ta shuuu babu tasha. Na kara kunnena a jikinta, sai wani tunani ya faɗo mini: in da a ce cikin wannan shuuu ɗin akwai muryar mutanen da ba a haifa ba tukuna fa? Na samu littafin lissafina na fara rubutu daga baya. Labarin wata yarinya ne da ta taɓa wayoyin rediyon ubanta, sai ta kamo muryar wata mata da ke zaune a Shinkafi bayan shekara ɗari. Matar tana gaya mata yadda gulbi ya koma, da abin da ake nomawa, da irin fitilar da suke kunnawa. Ban san akwai masu irin wannan rubutu a duniya ba. Na ɗauka wani ciwo ne ni kaɗai ya kama.

Mutum ɗaya na nuna wa, ƙawata Ladidi, wadda muke musayar littattafai. Ta karanta tana taunar rake, ta juya shafi, ta sake juyawa, sannan ta ɗago ta ce, "To ina saurayin?"

Na ce, "Babu."

Ta tofar da ɓawon rake. "Babu? Ke, wa zai zauna shi karanta labarin gulbi? Gulbi zai kawo lehe?"

Ta yi dariya, ni ma na taya ta, don kada ta ga na ji ciwo. Kashegari na soke matar nan, na mai da muryar ta saurayi. Na ba shi dogon hanci da farar shadda da mota. Kafin shafi goma rediyon ta ɓace daga labarin, ban ma lura ba. Ladidi ta ce ya yi daɗi. Ni kuwa ban ƙara buɗe shi ba, don na san na yanka abin da ke da rai na ɗora hula a kan gawar.

Kada ki ji kamar ina kushe littattafan soyayya. Har gobe ina son su, akwai uku a ƙarƙashin katifata yanzu haka, kuma kin sani, don na ga alamar yatsunki a jiki. Abin da nake gaya miki shi ne: a makarantar nan za ki haɗu da Ladidi iri-iri. Wata za ta ce ina saurayin, wani zai ce me ya sa ba ki rubuta da Turanci ba, wani zai ce me ya kai Bazamfariya sararin sama. Ki saurare su da ladabi, ki yi musu dariya in abin dariya ne. Amma kada ki zuba wa miyarki abin da ba ta nema ba don kawai maƙwabciya ta leƙo.

Kuskure na biyu, sata na yi miki. Shekara biyu da suka wuce ina gyaran ɗakinku na ga littafi mai shuɗin bango a ƙarƙashin tabarma. Na buɗe, na ga labarin rijiyar da ke magana, wadda take gaya wa mutanen gari saura guga nawa ruwanta ya ƙare, su kuwa suka toshe mata baki da dutse don ta dame su. A tsaye na karanta shi, tsintsiya a hammata. Da na gama sai na zauna a kan turmi ina dariya hawaye na zuba. Na ce, ashe ciwon nan gadonsa ake yi!

Daga ranar, duk lokacin da kika tafi makaranta sai in lallaɓa. Na san labarin jakin ƙarfe da ya ƙi ɗaukar kaya ranar Juma'a. Na san na garin da ya sayi girgije. Da yamma ki dawo, in dube ki in ce, "Ke, ba ki ga wanke-wanke ba?" Kalma ɗaya ta yabo ba ta taɓa fita bakina ba. Uwa ta yabi ɗiyar fari? Sai a ce ba ni da ta ido.

Ke kuwa ba sakarya ba ce. Kin lura ana taɓa miki kaya, wataƙila kin ga tabon man gyaɗa a gefen shafi. Ba ki san mai taɓawar masoyiya ba ce, sai kika canza maɓoya. Kika koma rubuta sabon labarinki a bayan tsohon littafin kimiyyarki na aji biyar, inda kika tabbata babu mai dubawa. Dabarar da na yi a Shinkafi ita kika yi a Zurmi, ba tare da na koya miki ba.

Ki riƙe wannan: in kin ga abu mai kyau a hannun mutum, ki gaya masa tun yana kusa. Ƙawarki ta ɗaki, malaminki, mai sharar ajinku, kowa. Yabon da aka ɓoye a ciki ba ya ƙosar da kowa, kamar hatsin da aka rufe a rumbu aka manta ƙofarsa.

Na uku kin san rabinsa. Da kika gama jarrabawar fita sakandare, na kwashi tsofaffin littattafanki na makaranta, yadda na saba kowace shekara, na yayyage su don ƙunsa ƙuli. Ranar kasuwa ce, ina sauri, ban duba komai ba. Na ga bango an rubuta kimiyya, na ce wannan ya gama aikinsa. Da la'asar kika zo kawo mini ruwa a rumfa, kika ga wata mata tana warware ƙunshi, kika gane hannunki a jikin takardar, mai ya jiƙa ta har ana ganin rana ta ciki. Kika dube ni. A take na gane abin da na yi. Abin da ya kamata in ce a fili yake. Amma ga mata cike da rumfa, ga kunya, sai na ji bakina ya ce, "To, ba takarda ba ce?"

Magana zarar bunu ce. Kika ajiye butar kika juya.

Na yi kuskure, ki yafe mini. Ga shi na rubuta, kuma ban mutu ba. Da na san sauƙinsa ke nan da tuni na faɗa. Ke ma in kin ɓata wa wani, kada ki tsaya neman ranar da ta dace. Ranar ba ta zuwa, ni na jira ta har aka ɗaure akwatinki.

To yanzu gyara zama, ga rabin da ba ki sani ba.

Kasuwar da ta zagayo, ina cikin jera kaya sai ga Baba Ɗanjumma. Kin san shi, tsohon nan na ƙauyen Ɗan Isa mai jan rawani, wanda yake kawo gero yana komawa da ƙuli, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci da furfurarsa kuma ba ya barin kowa ya manta. Ko gaisuwa bai gama ba ya zaro takarda daga aljihu, a ninke, ya shimfiɗa ta a kan tirena.

"Ɗiyata, ina sauran?"

Na ce, "Sauran me, Baba? Ƙulin bai cika ba?"

"Wa ka ta ƙuli! Jirgin nan nika tambaya. Ya isa ko bai isa ba? Kwana bakwai ina bisa hanya, an bar ni tsakanin sama da ƙasa!"

Na karɓa na karanta. A nan na fara sanin labarin da na yayyaga. Wai an zo wani zamani da damina ta gajarce har gero ba ya kai ga fitar da kai. Sai mutanen ƙasarmu suka dubi layin dogon da ya zo ya tsaya a Ƙaura, suka ce, wa ya ce dole nan ne ƙarshensa? Suka ci gaba da shimfiɗa shi, ya bi ta kan gonaki, ya ɗaga, ya yi ta hawa har wata. Direbar jirgin mace ce, Tasalla, tana ɗauke da irin gero a cikin buhu za ta kai gonar da aka rufe da gilashi a can. Shafin Baba ya ƙare daidai inda Tasalla ta leƙa ta taga ta hango Zurmi ta koma kamar ƙwayar ridi.

Ina cikin karantawa a bayyane, ban san Adda Dudu ta sauke ƙwaryarta tana saurare ba. Adda Dudu mai nono, wadda rumfarta ke jikin tawa. Ta ce ita ma an ƙunsa mata ƙuli da irin wannan takarda, tana nan a ruga ta toshe bakin kwalbar man shanu da ita. Mai kayan miya ya ce tasa tana ƙarƙashin sikeli. Kafin azahar an kawo mini guda shida. Ni da ba na iya ɗaga murya in kira mai saye, sai ga ni tsaye ina karanta wa mutane labari a tsakiyar kasuwa. Babu wanda ya tambayi saurayi.

Baba Ɗanjumma ne ya fara tsayar da ni.

"Dakata. A buhu tas sa irin? Sussukakke?"

Na ce haka aka rubuta.

Ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. "Wagga tahiya mai nisa? Ƙwari su cinye shi tun ba a wuce Gusau ba!"

Mai kayan miya ya ce, "Baba, ai ba ta Gusau aka bi ba, sama anka yi."

"Ko ta ina anka bi! Iri a zangarniyarsa aka ɗaukar shi, wadda anka zaɓa tun a gona, mai cikar ido. In ko an sussuke, a cuɗe shi da toka a rufe cikin tulu a liƙe baki. A gaya ma direbar ga, in ba ta sani ba ta tambayi manya."

Adda Dudu ta taɓe baki. "Kai ta iri kake. Ni ina jin labarin nan tun ɗazu, tarago kaza na mutane, tarago kaza na garma. Ina taragon shanu?"

"Shanu a wata? Su ci mi, hasken?"

"To geronka shi ci mi? Ƙasar da ba ta taɓa ganin kashin saniya ba, ita za ta ba ka dami? Je ka shuka, mu gani. Wata uku kana aiko mana da takarda: Dudu, don Allah a taimaka da taki."

Rumfa ta kwashe da dariya. Baba ya kama gemu ya ce, "Aradu ta hi ni gaskiya. A ƙara tarago. Amma sai bayan girbi za a sake su, kada su shiga mini gona a can ma."

"In ka bar mana kara da burtali, mi zai kai mu gonarka?"

"An bari. A rubuta."

Kin san yadda zaman manoma da makiyaya ya koma a ƙasar nan, ba sai na gaya miki ba. Akwai maganganun da ba a yin su a kasuwa yanzu, kowa sai ya sayi abin da zai saya ya kama gabansa. Amma ranar nan na ga mutum biyun nan sun raba gonar wata tsakaninsu, sun fitar da burtali, sun haƙa mashaya, suna dariya har da tafawa. Abin da ya yi nauyi a faɗa a kan ƙasar Zurmi, sai da kika ɗauke su kika kai su sama suka iya faɗinsa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Abin ya tsaya mini a rai, har na yi abin da ban taɓa yi ba: na sa hijabi na tafi gidan malamarku ta adabi, wadda take ara miki littattafai. Na zauna a bakin tabarma ina murza yatsu, da ƙyar na tambaye ta ko wannan abu da kike rubutawa yana da suna, ko kuwa shirme ne irin na ƙuruciya. Ta yi dariya ta shiga ɗaki ta fito da littattafai cike da hannu. Ta ce ana kiran sa ƙagaggen labarin kimiyya, kuma akwai manyan marubuta a duniya da ba su yi suna da komai ba sai shi. Wasu sun rubuta tafiya wata tun mutum bai taka shi ba. Wasu sun rubuta injin da ke magana da tunani tun kakanninmu na aika saƙo da ɗan aike. Ta ce a cikinsu akwai mata, akwai baƙaƙen fata, har da 'yan ƙasar nan, kuma ana karanta su a jami'a yadda ake karanta kowane babban adabi.

Na ce, "Ashe duba suke yi?"

Ta ce a'a, gaibu sai Allah, kuma sau da yawa abin da suka zata bai faru ba. Ba a girmama su don sun canka daidai. Ana girmama su don sun iya tambaya ɗaya: in abu kaza ya canza, mu kuma mu zama su wa? Mai tatsuniya yana cewa ga abin da ya faru a da can. Su kuwa suna cewa ga inda hanyar nan da muke kai za ta iya kai mu, kun yarda mu ci gaba ko mu karkata? Ta ce injin da jirgin duk ado ne, mutum ake nema a ciki.

Na dawo gida ina tafe kamar an ba ni kujerar Makka. Kuma, kin ji halin nawa, na same ki a tsakar gida kina tankaɗe, na buɗe baki, na ce, "Ke, garin nan bai yi laushi ba."

Shawarata a nan biyu ce. Ki nemi littattafan mutanen nan a ɗakin karatu na makarantarku ki karanta su da kyau, ki ga yadda suka ɗaura zarensu, amma kada ki ari garuruwansu da sunayensu. Suna da masu rubuta musu nasu. Zurmi ba ta da kowa a wata sai Tasalla. Sannan karatun lantarkin da ya kai ki Ƙaura, ki riƙe shi hannu biyu, kada ki ce rubutu ya hana ki shiga aji. Shi zai gaya miki abin da zai kunna fitilar jirginki. Abin da aji bai koya miki ba kuwa, ki tambayi masu shi. Baba Ɗanjumma bai san nisan wata ba, amma ya san abin da ke cin iri. Tashar jirgin tana nan kusa da ke yanzu. Wata rana da rana tsaka ki ja gwaggonki ku je ki ga inda ƙarfen ya ƙare da idonki, ki gaishe da tsofaffin da ke zama a wurin, ki bar su su yi ta zuba.

Saura kuskure ɗaya, shi ne na kwanan nan, kuma na ba ki izini ki yi dariya.

Kasuwa huɗu na yi ina tattara takardunki. Na barbaɗa musu toka ta tsotse man, na goge su da dutsen guga mai ɗumi, na jera su, na ɗinke da zaren kitso. Amma uku ba su dawo ba. Ɗaya an hura wuta da ita, ɗaya tunkiya ta ci, ɗaya kuwa wani direba ya tafi da ita Shinkafi. Mutanen rumfa suka dame ni da tambayar abin da ya faru a wurin da babu. Sai shaiɗan ya raɗa mini: ke ma fa kin taɓa rubutu. Na sayi biro na zauna na cike gurbin.

Kasuwa ta ci, na tashi na fara karantawa. Jirgi ya tsaya shan ruwa a wata tasha cikin gajimare. Tasalla ta sauko. Sai ga wani ma'aikacin tasha, dogo, wankan tarwaɗa, mai yalwar gashin gira, ya dube ta, ta sunkuyar da kai, zuciyarta ta buga...

Baba Ɗanjumma ya ɗaga sanda. "Tsaya nan. Wanga ba hannun mai jirgi ba ne."

Na ce, "Baba, ai..."

"Matar da ta ɗauko irin gari guda a bayanta, ita ta tsaya kallon gira? Wa yas shigo muna da wanga ɗan iska cikin jirgi? A sauke shi!"

Adda Dudu ta riƙe ciki. "Bar shi, Baba, a kai shi taragon shanu shi yi ta kwasar kashi, mu ga ko girar za ta taimake shi."

Na rufe fuska da gyale, na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Shekara ashirin da wani abu, ashe Ladidi tana nan zaune a cikin kaina tana taunar rake! Na cire shafin. Na saka miki shi daban a cikin ƙunshin da zan aiko miki, don duk ranar da karatu ya yi miki zafi ki ɗauko ki yi nishaɗi. Inda babu kuwa na ɗinka farar takarda. Ba wanda zai cike miki gurbinki, ko da uwar da ta haife ki ce. Ke ma kada ki cike wa wani nasa.

Da Baba ya matsa sai ya san mai rubutun, na ce wata yarinya ce a unguwarmu. Ya dube ni ta ƙasan rawani ya ce, "Wata yarinya. Mai kama da ke ko?" Na duƙa ina jera ƙulin da yake a jere. Adda Dudu ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Faɗi mana, ba mu kai ki ƙara wurin surukai." Sai na ji na ce, "Ɗiyata ce." A gaban mutane, da rana tsaka. Kasuwa ba ta watse ba, sama ba ta faɗo ba. Mai kayan miya ma cewa ya yi, "Ai mun daɗe da sani."

Ga abin da ke cikin ƙunshin da direban motar Ƙaura zai ba gwaggonki. Littafin jirgi, ɗinkakke, yana ɗan ƙanshin ƙuli, wannan ba ni da maganinsa. Littattafan da kika zuba a kwando, duka, ko kusurwa ban yaga ba. Zangarniyar gero biyu daga Baba Ɗanjumma, ya ce a ba Tasalla, na gonarsa ne, zaɓaɓɓe, kada ta kuskura ta sussuke sai ta isa. Ƙaramar kwalbar man shanu daga Adda Dudu, ta ce kuɗin motar shanunta ke nan, kuma tana son kujerar taga. Sai ƙuli daga gare ni. A leda na ƙulla shi.

Ba zan tilasta miki ba. In kin duba zuciyarki kin ga rubutu ya fita ranki don kansa, to Allah Ya sa haka ya fi alheri. Amma in maganata ta rumfa ce ta sa kika ajiye, to na janye ta, na tofar, na take. Ba takarda ba ce. Labarinki ya tsaya inda Tasalla ta ɗora hannu a kan birki, farar ƙasar wata ta cika taga, kuma akwai rumfa guda a kasuwar Zurmi da ba ta sauka daga jirgin nan ba. Baba ya ce in gaya miki shi tsoho ne, kada a daɗe.

Ni kuwa tun ina 'yar shekara goma sha biyar na kara kunne a jikin rediyo ina jiran muryar wata mata daga zamanin da bai zo ba. Na ɗauka na kashe ta da hannuna. Ashe tana ɗakin da ke kusa da nawa, tana ce mini Anti.

Ki kula da salla a kan lokacinta. Ki yi wa gwaggonki biyayya, ki taya ta aiki tun ba ta nema ba. Kada ki hau mashin ɗin da mai shi ke gudu, kada ki yi tafiyar yamma, in za ki zo gida ki taso da hantsi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyinta, Ya ba mu damina mai albarka, don kada mu kai ga neman gona a sama. Ya sa albarka a karatunki da alƙalaminki, Ya dawo mini da ke lafiya.

Na leƙa tsakar gida, babu kowa sai kaji. To bari in rubuta, sau ɗaya, da manyan baƙaƙe, tun hannuna bai gudu ba.

ZULAIHATU.

Allah Ya yi miki albarka, Zulaihatu. Ashe ma daɗi gare shi.

Wassalam.
Ni ce,
Antinki, wadda ta haife ki.